Ƙarin Girman da Na Nema wa Surukina

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyarwa, goma sha biyu daga ciki ina shugabar makaranta, kuma ban taɓa karɓar maganar da ta fara da "an ce" ba. Malami ya zo mini da an ce, sai in tambaye shi wa ya ce, a ina, ran nawa ga wata. Da wannan hali na yi ritaya, da shi na hau jirgi na zo wurin autata da bizar ziyara ta wata shida, da shi kuma na kusa sa a kore ta daga ƙasar, ita da mijinta da 'yarsu. Na faɗi wannan tun da wuri don kada wani ya gyara zama yana jiran labarin basirata.

Suna zaune a hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Falon shi ne ɗakina. Kujerar tana buɗewa ta zama gado, da safe in naɗe ta in mayar da tebur mazauninsa. Kicin ɗin mutum ɗaya yake ɗauka, in an zama biyu sai ɗaya ya tsuke ciki. Auta ba ta da izinin zama na kanta, haka ma yarinyar, takwarata, da ke aji biyu. Dukansu a kan katin izinin aikin maigidan suke rataye. Ɗan kati ne bai fi na banki ba, yana yawo da shi a aljihun gaban riga, a naɗe cikin leda.

Shi kuwa surukin nawa, tun da ya auri 'yata ban taɓa ganin ƙwayar idonsa ba. Daga bakin ƙofar falo yake durƙusawa, kai a ƙasa, ya ce, "Mama, an tashi lafiya?" Duk abin da na faɗa amsarsa ɗaya ce. In na ce yau za a yi ruwa, "To, Mama." In na sake leƙa taga na ce ba za a yi ba, "To, Mama." Digirinsa na ilimin sinadarai ne, ni da kaina na duba takardun kafin in yarda a ba shi Auta. Amma a nan aikinsa a wani katafaren gidan wanki yake, inda ake wanke zannuwan gado da tawul na otal-otal. Shekara huɗu yana tsaye a gaban injin guga daga bakwai na safe zuwa huɗu na yamma. Yana dawowa da fatar yatsu a tattare, rigarsa ta manne da bayansa. In ƙawayena na gida suka kira suka tambayi aikinsa, sai in ce yana harkar masana'antu, in yi sauri in tambaye su ciwon gwiwa.

A ƙasan benen akwai wata mata da kowa ke kira Mai Kitso. Ranar Asabar falonta cika yake da matan unguwa, kuma rabinsu ba kitso ya kawo su ba, tambaya ce. Wannan ta ce bizarta ta kusa ƙarewa ga shi ba a amsa mata ba, za ta iya tafiya jana'izar mahaifinta ta dawo? Waccan ta ce sun canza gida, dole ne sai sun sanar? Wata ta yi ƙasa da murya ta ce in miji ya saki mace, katin fa? Mai Kitso tana amsawa da tsinken tsaga a baki, ba ta ko ɗaga kai daga kan da take kitsawa.

Dokokinta na haddace su, don sun ba ni nishaɗi. Ba a zuwa ofishin shige da fice ranar Litinin, ma'aikatan a fusace suke. Ba a sa turare. In an ba ka ruwa kada ka sha, gwada ka ake yi. Matar taga ta huɗu muguwa ce, in lambarka ta faɗa kanta ka shige banɗaki ka dawo ka ciri wata. Kowace doka da "an ce" take farawa.

Na sa Auta ta buga mini littafin tambayoyi da amsoshi na ofishin, don harshen da suke aiki da shi a nan shi na koyar duk rayuwata. Shafi arba'in ne, amma takardar injin ta ƙare a shafi na ashirin da shida. Na lura, ba wai ban lura ba. Sai dai na san littattafan hukuma, in an wuce rabi sauran adireshi ne da godiya ga kwamiti. Na karanta abin da ke hannuna da jan biro. Ban ga Litinin ba, ban ga turare ba, ban ga ruwa ba. Daga ranar na fara sauka ƙasa duk Asabar da takarduna a hammata, ina gyara wa Mai Kitso amsa a gaban kwastomominta. Ta jure ni. Ni da a wurinta nake, da tuni na kori kaina.

Wata Asabar ina zaune tana tsefe mini kai, na ce abin kunya ne mutum mai digiri ya shekara huɗu yana cusa zani a inji, ya kamata a ce yanzu shi ke riƙe da sashen.

Ta cire tsinken daga bakinta. "Malama, wannan kam kada ki taɓa. An ce aikin da aka rubuta a kati shi ne mutum. In ya motsa daga kai, ko sama ya yi, katin ya mutu."

"Wa ya ce?"

"An ce dai."

"To a wace ƙasa ce ake hukunta mutum don ya ci gaba? Ko kuwa shi ma ƙarin girman ranar Litinin ne ba a karɓarsa?"

Matan suka kwashe da dariya. Na ji daɗin dariyar nan ƙwarai, har na maimaita wa Auta zancen a sama.

Auta ba ta yi dariya ba. Tana yanka albasa ta ce, "Mama, don Allah ki bar maganar aikin nan."

"Saboda me?"

"Baban takwara ya ce a bar ta."

"Shi ya ce, ko ke kika ce ya ce?" Da ya dawo na tare shi tun bai cire takalmi ba. Na ce zan rubuta wa mai gidan wankin wasiƙa a kansa. Ya durƙusa, ya kalli kafet, ya ce, "To, Mama." Na juya na kalli Auta, kallon da nake yi wa malamin da ƙaryarsa ta ƙare.

Wasiƙar ta yi kyau, wannan ba zan yi ƙanƙan da kai a kansa ba. Na rubuta takardun shaida fiye da dubu a rayuwata, na san inda ake danna mutum ya ji. Na kawo digirinsa, na kawo shekara huɗu ba fashi ba makara, na rufe da cewa kamfanin da bai san darajar irin wannan ma'aikaci ba, wani kamfanin zai sani. Na ba shi ya kai. Ya karɓa da hannu biyu.

Bayan kwana takwas ina neman man takalmi na tsinci wasiƙata a cikin kwalin takalminsa, ko buɗe ambulan ba a yi ba. Na ce a raina, Allah sarki, kunya ta hana bawan Allah neman haƙƙinsa. Washegari na jira Auta ta raka yarinya makaranta, na sa mayafina mai kyau, na ɗauki wasiƙar, na hau bas zuwa gidan wankin.

Ofishin mai gidan wankin a sama yake, bangonsa gilashi, yana hango ma'aikata a ƙasa cikin tururi. Matashi ne, bai kai arba'in ba, da tabarau rataye a wuya. Ya gaya mini bara mahaifinsa ya rasu ya bar masa wurin, har yanzu bai gama sanin wane mabuɗi ke buɗe wace durowa ba. Wannan kaɗai ya isa ya sa mai hankali ta tsaya. Ni kuwa na ga dama ce.

Sau biyu ya karanta wasiƙar. Ya ce tun da aka haife shi ba a taɓa rubuta masa irinta ba. Sannan ya ce, "Ai ina neman shugaban sashen guga. Na taɓa yi masa tayi, ya ce ya gode, ba ya so, ya koma kan injinsa."

Na yi masa murmushin masu ilimi. "Ɗana, ba ka san mutanenmu ba. Kunya ce. A wurinmu mai tarbiyya ba ya cafke abu daga tayin farko. In ya ce a'a, so yake a sake yi masa."

"Da gaske?"

"Ni na haifi matarsa."

A gabana ya ɗaga waya ya gaya wa akanta ta canza masa matsayi daga farkon wata. Ya rako ni har bakin bene. A cikin bas ina ta tsara yadda zan gaya wa ƙawayena, ba tare da ya zama kamar alfahari ba.

Da yamma muna cin abinci na sanar. Surukin nawa yana can gefe da farantinsa, ya ba ni rabin baya kamar yadda ya saba. Cokalinsa ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi cikin faranti a hankali, ya ce, "To, Mama. Allah ya saka da alheri." Ya tashi ya shiga ɗaki. Auta ta bi shi ta rufe ƙofa. Na ji ƙus-ƙus ɗinsu ya daɗe. Na ce wa takwarata, "Kin ga babanki, daɗi ya hana shi cin abinci."

Sati biyar bayan haka lokacin sabunta katinsa ya yi. Ofishin yana karɓar takardun albashi uku na ƙarshe, ya kai musu. Biyu sun ce ma'aikacin injin guga. Ta ukun ta ce shugaban sashe. Ba a yi kwana goma ba wasiƙa ta zo cikin farin ambulan mai taga.

Auta ta aika yarinya gidan maƙwabta, ta tsaya a tsakiyar falo ta karanta mini da ƙarfi, ni da na koya mata karatu. An ba shi kwana goma sha huɗu ya bayyana dalilin da ya sa yake aikin da ba a ba shi izini ba. In bayanin bai gamsar ba za a soke katin, shi da duk wanda ke ƙarƙashinsa su bar ƙasar cikin kwana talatin.

Na ce, "Kuskure ne. Babu wannan a littafinsu."

Ta shiga ɗaki ta fito da shafuka goma sha huɗu ta ajiye mini a cinya. Ashe ta bugo ragowar tun ranar da na yi sanarwata. Shafi na talatin da ɗaya ta naɗe kusurwarsa. Tambayar tana nan a rubuce kamar don ni aka yi ta: zan iya karɓar ƙarin girma a inda nake aiki? Amsar ta ce sai an fara samun sabon izini, kuma ba a bayar da sabon izini sai mai kamfani ya yi cigiyar aikin ya rasa ɗan ƙasa mai so.

Sau uku na karanta kafin abin ya shige ni. An ba shi katin ne don babu ɗan ƙasar da ke son tsayuwa a gaban wannan inji cikin zafi. Kujerar shugaban sashe kuwa, a yi cigiyarta yau, gobe a ga layi har titi. A ƙasan shafin akwai wata tambayar: wanda ya cika shekara biyar a kan kati ɗaya yana iya neman zaman dindindin, daga nan ya yi aikin da ya ga dama. Wata goma sha ɗaya ya rage masa. Mutumin da na ɗauka kunya ta daskarar, ashe lissafi yake yi, ya kusa kai ƙarshensa na zo na goge masa allo.

"Me ya sa ba ku gaya mini ba?"

"Na gaya miki, Mama. Na ce ki bar maganar."

"Ba ki kawo mini hujja ba."

"Mama, gidan nan ba makaranta ba ne!" Tun tana goye ba ta taɓa ɗaga mini murya ba. "Shekara huɗu yana dawowa ba ya iya riƙe kofi saboda yatsunsa. Kin taɓa tambayarsa me ya sa yake haƙuri? Takwararki ba ta san wata makaranta ba sai wannan. In aka ce mu tafi, ina za mu ce mata za mu?"

Na mayar da idona kan shafin da ke cinyata.

Sai muka ji gyaran murya daga bakin ƙofa. Ya dawo daga aiki ba mu ji shigowarsa ba. Ya durƙusa a inda ya saba.

"Mama, a yi haƙuri, akwai 'yar magana." Jimla mafi tsawo ke nan da ya taɓa yi mini. "Ban sa hannu ba."

"A me?"

"A sabuwar yarjejeniyar aikin, ta ƙarin girman. Tana cikin akwatin ajiyar kayana a wurin aiki yadda aka ba ni. Mabuɗin ofishin shugaban sashen ma a ranar na mayar na rataye a ƙusarsa. Ban zauna a kujerar ba ko sau ɗaya. Kullum ina kan injina, kuma injin yana rubuta lambar wanda ya kunna shi. Na roƙi akanta ta gyara, ta ce takardar watan ta riga ta fita. In mai gidan wankin ya rubuta musu yadda aka yi, wataƙila su duba."

"Yadda aka yi," na ce.

"E, Mama."

Washegari ina saukowa zan tafi gidan wankin na ci karo da Mai Kitso tana shara a ƙofarta. Labari ya riga ni sauka. Na shirya wa duk abin da za ta faɗa, na ma tanadi fuskar da zan karɓa da ita. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce, "Malama, ki biyo kafin ranar ofis in gyara miki kan nan. Ba a zuwa neman afuwa da kai a birkice." Na gode mata na wuce. Na kai bakin titi ta ɗaga murya, "Wannan ba an ce ba ne, ni na ce!"

Mai gidan wankin na same shi fuska ba jini. Shi ma an aiko masa da tasa wasiƙar, da maganar tara da hana shi ɗaukar baƙi aiki, kuma rabin ma'aikatansa baƙi ne. Wannan karon bai miƙo mini kujera ba.

"Kin ce mini in ya ce a'a, e yake nufi."

"Haka na ce."

"To ashe wani lokacin a'a yake nufi?"

"Da alama," na ce.

Ya ce zai sa hannu a duk abin da yake gaskiya, zai haɗa da takardun injin na sati biyar da yarjejeniyar da ba a sa wa hannu ba. Amma rubutun, shi ba gwani ba ne. Ya turo mini takarda mai tambarin kamfani. "Ke kika iya. Ki rubuta musu yadda abin ya faro, da wanda ya faro shi."

Kwana uku na yi a kan wasiƙar nan, ni da nake gama takardar shaida kafin shayina ya huce. Sashen surukina bai ba ni wahala ba. Inda na maƙale shi ne jimlar da za ta bayyana ni. A rubutun farko na ce wata gogaggiyar malama ce, cikin kyakkyawar niyya, ta ja hankalin kamfanin. Auta ta karanta, ta miƙo hannu ta zare jan birona daga bayan kunnena, ta ja layi a kai. A na biyu na ce wata dattijuwa daga cikin iyali ta yi wa dokar fassarar da ta bambanta da ta ofishin. Ta sake jan layi, ta rubuta a gefe, "Wace fassara?" Irin rubutun da nake yi wa ɗalibai ne, har karkacewar alamar tambayar tawa ce. Na ce tarbiyyata ba ta tafi a banza ba, ta dawo ta same ni.

A na biyar na rubuta: surukarsa, wadda ta zo ziyara, ta je wurin mai kamfanin ba da saninsa ba. Ba ta karanta dokar har ƙarshe ba, ba ta kuma tambaye shi ba. Auta ta karanta ta mayar mini da birona.

Ranar da aka ba mu ta zuwa ofishin shige da fice ta faɗo Litinin. Muka tafi mu biyu da surukina, yana tafe taku uku a bayana, da fayil a rungume. Ɗakin jira kujerun roba ne a jere an ɗaure su da ƙarfe, kowa da 'yar takardar lambarsa a hannu yana kallon allo. Wani dattijo kusa da ni yana ta goge takalminsa da bayan wandonsa. Lambarmu ta fito, taga ta huɗu. Ba zan ɓoye ba, na kalli ƙofar banɗaki.

Matar taga ta huɗu ta kusa sa'ata, gashinta ya yi furfura, da filasta a babban yatsa. Ba ta yi kama da muguwa ba, ta yi kama da wadda ta karanta ƙarya da yawa tun safe. Ta bi takardun injin layi-layi da bakin biro. Ta ɗaga yarjejeniyar ta duba gurbin sa hannu. Ta karanta wasiƙar, ta kai jimlata, ta ɗago.

"Ke ce surukar?"

"Ni ce."

"Wa ya rubuta wannan?"

"Ni."

"Kin iya rubutu haka, ba ki iya karanta shafi arba'in ba?"

"Na karanta ashirin da shida," na ce. Ban san me ya sa na faɗa ba. Wataƙila ina neman rabin maki.

Ta juya wurinsa. "Kai kuma ka san dokar. Me ya hana ka gaya mata?"

Ya sunkuyar da kai. Na ga in na bar shi za mu kwana a nan, ga shi shirun yana iya zama masa laifi. Na ce, "A wurinmu namiji ba ya musu da uwar matarsa. Ko ta ce rana daga yamma take fitowa, sai ya ce to. Ya ɓoye wasiƙar, ya aiko matarsa ta hana ni, iyakar abin da zai iya ke nan. Ni ce na san wannan sarai, na kuma yi amfani da shi. In akwai wanda za a kora, ga ni, tikitina ma a yanke yake."

Ta ajiye bironta. Sannan ta ce, "Mijin 'yata tun ban buɗe baki ba yake musa mini." Ta buga hatimi a kan takardar karɓa, ta sa na sa hannu a ƙarƙashin bayanina, ta ce ba ita ke yanke hukunci ba, za a rubuto mana.

Kwana goma sha tara muka jira. A cikinsu na gano cewa ana iya yini a gida ba a ba kowa shawara ba, mutum kuma bai mutu ba. Na wanke labule, na jera kwanukan kicin bisa tsawo, na sake warware su don kada a ce na sa baki. Duk ƙarar akwatin wasiƙu Auta sai ta sauka da gudu ba takalmi. Takwarata ta tambaye ni me ya sa na daina gyara mata aikin gida, na ce ina hutu.

Amsar ta zo ranar Alhamis. An sabunta katin na shekara ɗaya, ba biyu ba kamar yadda aka saba, da gargaɗi a fayil ɗinsa da na kamfanin. Shekara ɗaya ta fi wata goma sha ɗaya. Auta ta zauna a kan matattakala ta yi kukanta ta ƙoshi. Kujerar shugaban sashe kuwa an yi cigiyarta, an ba wani ɗan ƙasa wanda surukina ne ya koya masa kunna injin.

Bayan sati na koma gidan wankin don in yi wa maigidan godiya. Yana hango ni ta gilashi ya miƙe tsaye, ya ce in dai takarda ce a hannuna ba ya nan. Na nuna masa tafukana. Na ce abu ɗaya nake roƙo, a bar ni in sauka ƙasa in ga injin.

Ƙasan ba kamar yadda ake hangensa daga sama ba ne. Zafi ya mare ni tun daga matattakala, tabarauna suka yi hazo, ƙara kuwa har a haƙori ake jin ta. Injin ya fi falonmu tsawo. Mutum biyu ke tsayuwa a bakinsa, kowa ya kama kusurwar zani ɗanye, su ja shi ya miƙe, su ɗora a kan bel, ya shige ya fito can ƙarshe a goge a ninke. Surukina yana ganina ya nemi durƙusawa, na ce ya tsaya kada inji ya ci masa hannu.

Na tambaye shi yadda injin yake aiki. Sai ga mutum ya buɗe baki. Ya nuna mini ma'aunin zafi, ya ce in ya haura kaza auduga ta ƙone, in ya gaza kaza zani ya fito da danshi ya yi wari a kabad. Ya ce da ya zo suna asarar zani talatin a sati, ya gano sabulun ne ba ya fita a ɗauraya, ya canza musu awo, yanzu ba sa asarar ko biyar. Yana magana yana aiki, hannunsa bai tsaya ba. Har ya manta ya kalle ni a ido sau ɗaya. Minti goma na yi a wurin, mayafina ya jiƙe sharkaf.

Abokin aikinsa ya je shan ruwa, zani na gaba ya taho, kusurwa ɗaya ba mai kamawa. Na ajiye jakata a ƙasa na kama, na ja yadda na ga suna yi.

Ya zare kusurwar daga hannuna a hankali, da hannu biyu, kansa a ƙasa.

"Mama, a yi haƙuri," ya ce. "Bizarki ta ziyara ce. Ba ta yarda ki yi aiki ba."

Abokin nasa ya dawo ya same ni a zaune kan kwandon tawul ina dariya har da hawaye, shi kuma yana cusa zani a inji, kafaɗunsa suna rawa don dariyar da yake dannewa.